Hannun Balkissa da Ƙafar Yaya Dogara

Ni ba na kishi. Kishi ciwon matan da ba su yi karatu ba ne, masu zaman jiran wayar namiji ta yi ƙara su miƙa wuya. Ni digiri na biyu nake yi a fannin cinikayya tsakanin ƙasashe a nan Guangzhou ta ƙasar Caina, an koya min auna abu da hankali kafin in yanke hukunci, kuma duk abin da za ku ji na aikata a wannan kashi, saboda lafiyar Sha'aban na yi shi, da kuma tsare masa addininsa. Na fara da wannan ne saboda masu sharhi a ƙasan labarin nan, musamman wata Maman Hafsah da ta rubuto cewa in ji tsoron Allah. Ina ji, Maman Hafsah. Ki karanta zuwa ƙarshe kafin ki sake ɗaukar waya.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Na'ima, 'yar Kano ce ni, daga Gwammaja. Ina zaune da yayana Dogara a wani ɗan gidan haya a Dengfeng, can ƙololuwar bene, babu lifta, ɗaki biyu da falo wanda firij ya cinye rabinsa. Yaya Dogara sayayya yake yi wa 'yan Kantin Kwari, su turo hoto shi ya nemo kaya. Mutum ne mai kirki da faɗin ƙirji, kuma tun da ya gano wani gidan abinci na 'yan Mali a ƙasan layinmu, mai shinkafa da ƙafar rago, ɗinkunan da ya zo da su daga gida suka daina shigarsa.

Sha'aban shi ne mai nemana. Yana aiki a wani sito a Sanyuanli inda ake tara kayan 'yan kasuwarmu, a ɗaure, a ɗura a kwantena. In ka tambaye shi aikinsa zai ce yana kula da lodi. In ka tambayi Umma za ta ce ɗan dako ne mai fasfo. Gaskiyar tana tsakiya: shi ke shiga cikin kwantena ya tsara katan-katan da dilolin yadi yadda ko allura ba za ta samu wurin tsayawa ba, kuma tsarin nan da hannu ake yinsa, da ƙugu.

Umma tana da nata ɗan takarar, Alhaji Abdulgafar, ɗan aminiyarta, mai shaguna a Kwari. Bayaninta a kansa gajere ne: "Wannan kwantenar tasa ce. Naki kuwa shiga cikinta yake yi." Da ƙyar muka kai ga sulhu. Mai siton, wani Basine da kowa ke kira Lawban, wato maigida, ya yi alkawarin cewa duk wanda ya riƙe masa babban lodin ƙarshe kafin a rufe don hutun sabuwar shekararsu, shi zai zama shugaban sito, da tebur da kujera da makulli. Umma ta ce in Sha'aban ya hau kujerar, iyayensa su zo gaisuwa. In bai hau ba, za ta daina ce wa mahaifiyar Abdulgafar ta ƙara haƙuri. Kun ga ke nan aurena a kan gadon bayan Sha'aban yake tsaye, kuma bayan ya fara gardama.

Tun damina yake tafiya kamar an ɗaura masa katako. In ya yi ruku'u sai ya dafa gwiwa ya yi shawara kafin ya ɗago. Wani abokin aikinsa, Isufu, ya kai shi wani ƙaramin asibiti kusa da Xiaobei, wurin wani tsoho da ake kira Likita Fan, mai gyara ƙashin baya da hannu: ya kwantar da kai, ya lanƙwasa ka, ka ji ƙas, ka tashi kana neman abokin tsere. Direbobin tasi da teloli da masu ɗaukar kaya can suke cika. Sha'aban ya fara zuwa duk mako, ya miƙe, ya dawo yana hawa benenmu ba tare da ya tsaya a tsakiya yana ƙaryar amsa waya ba. Na yi murna. Har sadaka na yi.

Sai wata Lahadi muna cin tuwon shinkafa da miyar kuka a wani gidan abinci, ni da shi da Yaya Dogara a matsayin ɗan rakiya, wanda rakiyarsa ba ta wuce bakin kwanonsa. Sha'aban ya tashi wanke hannu ya bar wayarsa a kan tebur. Ban leƙa ba. Wayar ce ta yi haske, ni kuma Allah ya halicce ni da ido.

"Sha'aban, ina gajiya? Ka yi motsin nan na safe? In za ka ɗauki kaya ka durƙusa, kada ka sunkuya. Allah shi ƙara sauƙi."

Sunan mai saƙon Balkissa. Hoton da ke jikin sunan fure ne, ba fuska ba, wanda duk mace mai hankali ta san ya fi fuska haɗari.

Ya dawo yana yarfe hannu. Na jira sai da ya kai loma baki.

"Wace ce Balkissa?"

"Ta asibiti ce. Ɗaliba ce, 'yar Damagaram, tana koyon aiki a wurin Likita. Ita ke yi min tafinta."

"Likitan da ka ce tsoho ne mai sanƙo."

"Tsoho ne mai sanƙo."

"Ba ka ce tsohon yana da Balkissa ba."

"Ba ki tambaya ba, ranki ya daɗe."

"Kuma har ta san yadda kake sunkuyawa."

"Kowa a asibitin ya sani. Shi ya kai ni."

Yaya Dogara ya ce a miƙo masa yaji.

Na ce ba komai. Na ce ni ma ina so in ga wannan ilimi na Sinawa da idona, don ƙaruwa. Da muka dawo gida na ɗan duba shafinta na WeChat, manhajar saƙo ta nan, shi ma don ƙaruwa. Babu komai a ciki sai zanen ƙasusuwa, da wata kyanwa, da hoton kwanon kopto, kwaɗon ganyen nan na 'yan Nijar, da ta rubuta tana kewar gida a ƙarƙashinsa. Mutum huɗu ne suka danna alamar so a jikin kopton. Sha'aban ba ya ciki. Wannan ɓoyon nasa shi ya fi damuna.

Ranar zuwa asibiti na sa leshina ruwan zuma, wanda na ajiye don bikin karɓar digiri, da mayafi mai duwatsu da takalmi mai tsini. Ɗaurin kai sai da na kwance shi sau da yawa kafin ya tsaya yadda yake nuna ban damu ba. Na yi turaren wuta har ƙararrawar hayaƙi ta benen ta yi gyaran murya. A jirgin ƙarƙashin ƙasa wasu tsofaffin mata sai ɗaukata hoto suke.

"Biki za mu wuce daga can?" in ji Sha'aban.

"Haka nake fita kullum. Kai ne ba ka lura."

Asibitin dogon ɗaki ne mai warin man zafi da ganyaye, gadaje sirara a jere da labule a tsakaninsu, kowane gado da rami ta wajen kai inda mutum zai tura fuskarsa. A bango an rataye ƙashin baya na roba, kamar na ƙaton kifi. Balkissa ta fito daga bayan labule: farar rigar aiki da ta yi mata yawa, ƙaramin hijabi ruwan toka, takalmin roba, fuska ko hoda babu. Ku mata kun gane. Mace ba ta fitowa da wankakkiyar fuska haka sai ta san abin da ta taka.

"Sannu da zuwa, Tanti," in ji ta, har da ɗan rusunawa. "Sha'aban yana yawan zancenki."

Tanti, wai gwaggo. Na bincika daga baya, shekara biyu kacal na ba ta.

Na ce mata yau ta huta, ni zan yi wa Likita tafinta, ai ina jin yaren. Ta ce to, ta koma gefe ta harɗe hannu. Likita Fan ya bi bayan Sha'aban da babban yatsa yana dannawa, ya dube ni, ya zubo magana mai tsawo. Ni Sinancina na kasuwa ne: nawa ne, ya yi tsada, rage, akwai ja. A duk abin da tsohon ya faɗa kalma ɗaya na kama, meyo, wato babu.

"Me ya ce?" in ji Sha'aban daga cikin ramin gado.

"Ya ce babu."

"Babu me?"

"Babu damuwa."

Balkissa ta matso. "Ya ce babu sauran kumburi a dama, amma na hagu bai gama sauka ba. Lalle ka zo ranar Alhamis kafin babban lodin a sassauta maka, in ba haka ba bayan zai riƙe." Ta juyo gare ni. "Kusan haka kika faɗa, Tanti."

Sai aka zo gyaran. Likita ya kwantar da shi ta gefe, ya naɗe masa ƙafa ɗaya, ya kira Balkissa ta riƙe kafaɗa. Ta ɗora tafin hannunta a kafaɗar Sha'aban. Ta saman riga, na yarda, har da tawul a tsakani. Amma hannu ne, kuma kafaɗar da ni ban taɓa taɓawa ba ce, ni da nake rigima da uwata a kanta. "Dusuman, a hankali, saki jikinka," ta ce da shi. Ya saki. Ni shekara guda ina ce masa ya saki jiki a gidanmu bai saki ba. Likita ya murɗa, bayan ya ce ƙas, Sha'aban ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya ce "Alhamdulillahi" da wata murya da ban taɓa ji ba, ko ranar da na ce masa na amince.

A hanyar dawowa na juya masa ƙeya. Juyin ƙeya irin na masu ilimi, tun daga Xiaobei har ƙofar gida.

Da la'asar na aika wa Umma saƙon murya. Ban ambaci wata Balkissa ba, don ba ni da dalilin ambatonta. Na ce dai Sha'aban yana zuwa asibiti gyaran baya. Amsarta ta zo guntu-guntu kamar yadda ta saba, kowane guntu da kukan akuyarta a bayansa.

"Baya ma sai an kai shi asibiti? Babanku, Allah ya ji ƙansa, shekara nawa ya yi yana ɗaukar buhu a Dawanau kafin ya samu rumfa? Kin taɓa jin ya je wurin likita? In ya dawo tabarma zai shimfiɗa ya kwanta rub da ciki ya ce a zo a taka masa. Ke ma kin taka, Dogara ya taka. Da safe ya miƙe kamar sanda."

Na tuna kuwa. Na tuna ina dafe da bangon tsakar gida ina tafiya a kan bayan Baba daga ƙugu zuwa kafaɗa, yana cewa nan, nan, matsa can. Sai na zauna na yi nazari irin na jami'a. Me Likita Fan yake yi? Danna baya yake har ya yi ƙara. Me muke yi a Gwammaja tun kafin a haifi Likita Fan? Danna baya. Bambancin kawai, namu babu 'yar Damagaram a ciki. Matsala ɗaya ce: a gida ƙaramin yaro ake sa wa ya taka, mu kuma a Dengfeng ba mu da shi. 'Yan kasuwa ba sa zuwa da 'ya'ya, ɗalibai ba su haifa ba. Amma a ilimance, abin da aikin ke buƙata nauyi ne da ƙwarewa, kuma Yaya Dogara yana da ƙwarewar tun yana ƙarami. Nauyin ma ya ƙaru.

Na rubuta wa Sha'aban.

"Na yi tunani a kan asibitin nan. Zuciyata ba ta natsu da mace tana taɓa ka ba. Ba don ni ba, don lahirarka."

"Larura ce, Na'ima. Kuma Likita ke aikin, ita kafaɗa kawai take riƙewa."

"Kafaɗar ba a jikinka take ba?"

"Na tambayi malami tun farko. Ya ce babu laifi."

"Malamin ya ji yadda ka ce Alhamdulillahi?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Ina kallon alamar tana zuwa tana ɓacewa.

"Saura zuwa ɗaya kafin lodi. Ki bari in yi na Alhamis ɗin nan, daga nan sai in roƙa a canza min mai riƙewa."

"Ka je mana. Ni wace ce da zan hana ka. Allah ya ba da lafiya, ya bar zumunci."

Na cire hotona daga WeChat na sa baƙin fili. Na kwanta a kan gado ina kallon silin, wayar a kan cikina. Kafin magariba saƙonsa ya shigo: "Na fasa zuwa. Mayar da hotonki."

Ku lura, ban hana shi ba. Yana nan a rubuce.

Na ce kada ya damu, na tanadar masa abin da ya fi, ya zo gida ranar Alhamis ɗin bayan la'asar.

Ya zo cikin farar shadda da hula, da ledar lemo ta Yaya, don bai san me aka shirya ba. Na riga na ture teburin falo na shimfiɗa bargo mai hoton damisa, na dafa shayi da citta. Na sa baƙar doguwar riga da mayafi, na tsaya a bakin ƙofar kicin, inda mutunci ya ce in tsaya. Yaya Dogara ya fito daga ɗaki da singileti yana naɗe ƙafar wando.

"Malam Sha'aban, an ce baya ya matsa maka. Ai da ka faɗa tun tuni. Kwanta."

Sha'aban ya dubi bargon, ya dubi ƙafafun Yaya, ya dube ni.

"Yaya, da dai an bar shi. Kada in ɗora maka wahala."

"Wace wahala? Ni na riƙa taka wa Baba. Tambayi Na'ima."

"Lokacin kana aji nawa, Yaya?"

"Ina firamare. Ƙafa ba ta mantuwa."

"Ai da sauƙi ma yanzu. Jiya ko motsi bai yi min ba."

"Kai dai kunya ce da kai. Ka zama ɗan gida, ka daina wannan. Ko ƙafar tawa ce ba ka yarda da ita ba?"

To, ku nuna min saurayin da zai dubi yayan budurwarsa, a falonsa, tun ba a ba shi ita ba, ya ce bai yarda da ƙafarsa ba. Sha'aban ya cire hula ya ɗora a kan firij, ya cire agogo, ya kwanta rub da ciki a hankali yana motsa baki. Ina jin addu'ar godiya ce.

Yaya ya yi bisimilla, ya dafa firij da hannu ɗaya, ya ɗora ƙafar dama. Ya ɗora ta hagu. Firij ya yi ƙugi. Sha'aban bai yi ba.

"Ya ka ji?"

"Alhamdulillahi, Yaya."

Muryar ta fito siririya, amma kalmar dai ita ce ta asibiti, kuma babu wadda ta riƙe masa kafaɗa.

"Nan ne wurin?"

"Ko'ina ne, Yaya."

Yaya ya fara tattaki daga ƙugu zuwa kafaɗa yana ba shi labarin yadda jirgin ruwa ke jinkiri a bana. Ina ganin yatsun Sha'aban sun damƙe kunnen damisar bargo. Na san daɗi ne. Baba ma haka yake yi da gefen tabarma. Da an tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Sai wayar Yaya ta yi ƙara a aljihun wandonsa. Wani kwastomansa ne daga Kwari da suka kwana biyu suna rigima a kan launin wani yadi. Ya ɗauka. Bai sauka ba.

"Alhaji, ruwan goro ka ce. Ina da hoton. A'a, Alhaji, ruwan goro daban, ruwan ƙasa daban." Ya saki firij don ya samu hannun yin nuni. "Ni zan yi maka ƙarya? Ni Dogara?"

Yaya in yana rantsuwa da ƙafa yake yi. Tun yana yaro haka yake, sai ya buga diddige a ƙasa. Ya buga.

Ƙarar da ta fito ta fi ta asibiti. Na ji daɗi a raina, na ce ashe namu ya fi nasu ƙarfi.

Yaya ya sauka ya shige ɗaki yana ci gaba da ruwan goro. Sha'aban bai motsa ba. Fuskarsa na cikin bargo, gumi ya jiƙa wuyan shaddarsa duk da sanyin da ake yi.

"Tashi ka sha shayi," na ce.

"Bari in ɗan ƙara jin daɗin bargon."

"Ka gani? Ba Likita, ba tawul, ba mai ce maka dusuman."

"Na gani."

Sai da shayin ya huce ya tashi, da taimakon ƙafar kujera da marikin firij. Ya leƙa ɗaki ya yi wa Yaya godiya, har da Allah ya ƙara girma. Hularsa a kan firij ya bar ta. Ya dube ta, ya ɗan ɗaga hannu, ya fasa. Na gane, so yake in riƙa ganinta ina tuna shi. Na koma taga ina jiran ya ɓullo daga ƙasan benen. Ya daɗe bai ɓullo ba. Na ce a raina, ji mutum, ya kasa rabuwa da gidanmu.

Ranar Juma'a Yaya ya dawo daga Masallacin Huaisheng yana cire takalmi ya ce, "Na hango mutumin naki a sahun baya, kan kujerar roba, tsakanin wasu tsofaffi biyu masu farin gemu. Na ce masa jiki yana karɓar magani ke nan. Ya ce sosai."

Na rubuta wa Sha'aban, "Ya jiki?" Ya ce, "Da godiya." Na ce, "Gobe fa lodi." Ya ce, "In sha Allahu." Ban ga abin tashin hankali a nan ba. Mai ciwo ai faɗa yake yi.

Asabar na wuni da waya a hannu. Na goge gidan, na canza labulen falo, na sake goge gidan. Labarin bai zo ta wurin Sha'aban ba. A zauren WeChat na 'yan Arewa mazauna Guangzhou, inda ake tallar ɗakin haya da cigiyar mai tafiya Kano, aka sa hoton Isufu zaune a kan kujera mai juyawa, makulli a hannu, Lawban na tsaye a bayansa. Ana ta Allah ya sanya alheri. Daga baya na ji yadda aka yi. Sha'aban ya je tun da safe, ya ɗaure ƙugunsa da ɗamara, ya hau cikin kwantena, ya durƙusa yadda aka koya masa ya rungumi dilar farko. Durƙuson ya yiwu. Tashin ne bai zo ba. Mutum biyu suka sauko da shi suka zaunar a kan katan, daga nan ya wuni yana nuna wa Isufu inda kowane kaya zai shiga, har aka rufe ƙofar kwantenar ƙarshe. Lawban ya yi masa sannu, ya ce amma shi mai tsayuwa yake nema.

Saƙon Sha'aban ya shigo bayan la'asar. "Ban samu ba. Katan ne ya kufce min. Ki yi haƙuri."

Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin gangancinsa da katan, bayan duk wahalar da muka sha a kan bayan nan. Wani abu ya ɗan motsa min a ƙasan zuciya. Na sha ruwa ya kwanta.

Litinin ni da bakina na ce a koma asibiti, don a san ni ba mai riƙo ba ce. Na je na ɗauko shi a tasi. Shigarsa motar kaɗai sai da direba ya kashe inji. Wannan karon atamfa na sa, mai sauƙi, sai dai sabuwa ce.

Balkissa ta gan shi yana tafe yana dafa bango, fuskarta ta canza. "Sha'aban, mun jira ka ranar Alhamis." Ta ruga ta kira Likita. Aka kwantar da shi, Likita ya ɗage rigar, ya ƙura wa wurin ido. Ni ma na leƙa, tunda larura ce. A ƙasan bayan, ta hagu, wani tabo ne baƙi-baƙi, zagayayye, kamar an kifa ƙaramin ƙoƙo.

Likita ya yi tambaya.

"Ya ce me ya faɗo maka?" in ji Balkissa.

"Katan."

Ta fassara. Tsohon ya auna tabon da tafin hannunsa, ya sake magana, ko murmushi babu.

"Ya ce tun yana saurayi yake duba masu ɗaukar kaya, bai taɓa ganin katan mai diddige ba."

"Na takalma ne," in ji Sha'aban daga cikin ramin gado.

Balkissa ba ta fassara wannan ba. Ta sunkuyar da kai ta dubi ƙafata, ta dubi tabon, ta ce a hankali, "Ba taki ba ce, Tanti. Taki ƙarama ce." Ban san ko yabo ba ne. Ina kan nazari.

Aka tura shi hoto. Babu karaya, alhamdulillahi, amma Likita ya ce ba zai murɗa komai ba yanzu, bayan ya fusata, sai an lallashe shi. Kada ya ɗauki abin da ya fi butar alwala nauyi har bayan hutu. Kuma zai riƙa zuwa kullum ana gasa masa wurin, ana motsa shi a hankali.

"Kullum?" na ce. "Likita zai iya, da tsufansa?"

"Likita zai tafi garinsu hutun sabuwar shekara," in ji Balkissa. "Ni zan riƙe masu zuwa gashi. Ni ba ni da inda za ni."

Na ce a nemo namiji. Ta ce duk sun tafi gida, sai dai in Tanti tana da wani nata da ya iya. Da wankakkiyar fuskar nan tata ta faɗa.

Muna zaune a benci kusa da tagar biya, ana haɗa masa magunguna, saƙon Umma ya shigo. Na yi niyyar kara wayar a kunne, yatsana ya riga ni, muryar Umma ta cika wurin, da akuyarta.

"Na'ima, Dogara ya gaya min yaron bai samu kujerar ba, wai katan ya kayar da shi. Allah ya sawwaƙe. Ni dai na cika alkawarina, na jira. Abdulgafar zai shigo Caina da an buɗe kasuwanni, na ce ya sauka wurin yayanki. Ke za ki riƙa raka shi sayayya. Kada in ji wata magana."

Saƙon ya ƙare. Wani direban tasi da ke zaune kusa da mu, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, ya gyaɗa kai.

Na jira Sha'aban ya yi magana. Da ya ce a kira Umma a gaya mata ƙafar ɗanta ce, shawarar 'yarta ce, da na san amsar da zan ba shi, na ma shirya ta tun a cikin tasi. Bai ce ba. Ya tambaye ni ko na ci abincin rana.

Balkissa ta leƙo daga bayan labule da tawul a kafaɗa. "Sai gobe, Sha'aban. Ka zo da riga mai sauƙin ɗagewa."

Matar da ke tagar biya ta kira sunansa a karye, yadda suke kiransa. Na ce bari in je. Ya ce in zauna, na sha zirga-zirga yau. Ya dafa gwiwa, ya dafa bango, ya miƙe kaɗan-kaɗan, ya ja ƙafa zuwa tagar. Ya ciro waya ya nuna wa na'urar, ta yi ƙara. Sai na ga ya nuna wa matar wani abu a cikin gilashi, ya sake miƙa wayar. Ya dawo da leda biyu, ya ba ni ƙaramar.

"Man shafawa ne. Ki kai wa Yaya. Na ji yana cewa diddigensa na ciwo tun ranar Alhamis."